Dare shida a cikin tanti, daga yashin Eureka zuwa tsaunin Telescope

A ƙarshen watan Oktoba ne ni da yayana muka tashi daga garin Big Pine, wanda ke kan babbar hanya mai lamba 395 a gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, da mota mai tsayin ƙafa, da tanti ɗaya, da jarka biyu masu cin lita 20 kowacce, da kuma taswirar takarda da ya dage sai mun saya duk da ina nuna masa cewa akwai wata a cikin wayata. Niyyarmu ita ce mu kwana a irin wuraren zangon nan da hukuma ta ware wa matafiya amma ba ta wahalar da kanta wajen ƙawata su ba. Abin da mutum zai tarar a irinsu bai wuce ɗan fili da aka share, da teburi, da zoben ƙarfe na hura wuta, da masai guda ɗaya da kowa ke amfani da shi ba. Babu famfo, babu lantarki, babu mai ɗibar shara, kuma waya takan zama agogo kawai tun kafin a isa.

Ya kamata in faɗi laifina tun da wuri, domin shi ne ya bi ni har ƙarshen tafiyar. Duk shirin da na yi, na zafi ne. Wurare biyu cikin ukun da muka zaɓa suna cikin gandun Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, kuma abin da kowa ya sani game da shi shi ne cewa a Furnace Creek aka auna zafin digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyos ranar 10 ga Yulin 1913. Da wannan adadi a kaina na haɗa kaya: riguna shara-shara, malafa, man shafawa na rana, da buhun barci marar nauyi wanda aka yi domin daren bazara. Yayana ya dubi kayan ya yi shiru, sannan ya ninke wani tsohon bargo ya cusa shi ƙarƙashin kujerar baya ba tare da ya ce uffan ba.

Daga Big Pine zuwa tuddan yashi na Eureka kimanin kilomita 80 ne. Kwalta takan raka mutum wani zango sannan ta sallame shi, kuma kilomita 16 na ƙarshe hanya ce mai gargada da ke sa haƙora su riƙa karo da juna. Tuddan kansu sun tashi kusan mita 200 daga ƙasan kwarin, su ne mafi tsawo a Kalifoniya, kuma a bayansu akwai jerin duwatsun Last Chance masu zane-zane a jiki, fari da ja da baƙi, kamar an jera yadudduka an danne su. Mun isa da la'asar, muka tarar da mota ɗaya tak a can nesa. Ni na hango wani shimfiɗaɗɗen wuri mai laushin yashi a cikin ɗan kwari na ce a nan za mu kafa, amma yayana ya nuna mini yadda tsakuwa ta jeru a gefensa da yadda busasshiyar ciyawa ta kwanta ta fuska ɗaya, ya ce wannan hanyar ruwa ce. A hamada ƙasa ba ta shanye ruwan sama da sauri, saboda haka hadarin da ya zuba a kan dutsen da ba ka ma hango shi yana iya aiko maka da ambaliya cikin dare alhali sararin da ke samanka fes yake. A watan Agustan 2023 ragowar guguwar Hilary ta zubar wa yankin ruwan da ya kai na shekara guda cikin yini ɗaya, ta yayyanke hanyoyi, har aka rufe gandun kusan wata biyu. Muka koma wurin da aka ware, mai tauri kaɗan kuma a kan tudu.

Na kafa tantin yadda takardarsa ta ce, na buga siraran turakun ƙarfen da suka zo da shi, suka shige ƙasa ba gardama, ni kuwa na ɗauki wannan sauƙin a matsayin alamar alheri. Magariba ta yi lafiya lau. Wajen ƙarfe ɗayan dare iska ta taso daga bakin kwarin, ba a hankali ba, gaba ɗaya ta zo, sai na farka na ji bangon tantin kwance a kan fuskata, yashi kuma yana shigowa ta ragar sama kamar ana tankaɗe gari. Kafin in lalubo tocila turaku uku sun tumɓuke, gefen tantin ya ɗaga sama yana kaɗawa, nauyin jikinmu ne kawai ya hana shi tafiya.

"Yaya, mu koma mota kawai," na ce.

"In ka tashi daga wurin nan, sai dai ka neme shi a jihar Nebada," in ji shi. "Zauna a kusurwar can, ka miƙo mini igiya."

Ya fita cikin duhu ya gangaro da jarkunan nan biyu, ya ɗaure igiyoyin ɓangaren da iska ke bugowa a hannayensu, sannan ya juyo ya ɗaure na uku a tayar mota. Haka muka ƙarasa daren, rabi barci rabi sauraro. Da gari ya waye ya koya mini abin da ya kamata a ce na sani tun a gida: a cikin yashi ba a tsayar da turke, kwantar da shi ake yi. Za a ɗaura igiya a tsakiyarsa, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a kwantar da shi a gicciye, a binne, a taka da ƙafa. In babu isassun turaku, buhun da aka cika da yashi aka binne yana yin aikin. Ya kuma sa muka juya tantin ta yadda ƙuntataccen bayansa ne zai fuskanci iska maimakon ƙofa. A dare na biyu iskar ta dawo da ƙarfinta, ta yi ta ruri har asuba, amma ko igiya ɗaya ba ta saki ba.

Ladan wannan wahala yana zuwa ne da sassafe. Iskar dare takan share yashin tas, saboda haka duk abin da ya yi yawo kafin ketowar alfijir yakan bar sa hannunsa: ga sawun ɓeran hamada mai tsalle, ƙafa biyu a jere da jan wutsiya a tsakani, ga ɗige-ɗigen buzuzu kamar ɗinkin keke, ga kuma sawun karen dajin nan mai kama da dila da suke kira koyoti, wanda ya zagaya teburinmu sau biyu ya tafi da haushin bai samu komai ba. Tun daga ranar ban ƙara sa takalmi ba sai na kife shi na karkaɗe, domin inda ɓera ya wuce kunama ma tana wucewa. Muka hau tudu mafi tsawo ta kan doronsa, taku biyu gaba ɗaya baya, har muka kai sama bayan fiye da awa ɗaya. Da muka fara gangarowa ta fuskar da ta fi tsaye, yashin ya zame a ƙarƙashinmu, sai wani gurnani mai kauri ya taso daga cikin tudun, irin na jirgin sama da ke nesa, har ana jin sa a ƙafafu. Tuddan Eureka suna cikin 'yan kaɗan a duniya da ke yin wannan kuka, kuma ba sa yin sa sai yashin ya bushe sarai.

A nan ne kuma na fara koyon lissafin ruwa. Ƙa'idar da hukumar gandun ke nanatawa ita ce a tanadi aƙalla galan ɗaya, wato kusan lita 4, na sha ga kowane mutum a kowace rana, ban da na girki da na wanke-wanke. Mutumin da ya saba da famfo ba ya sanin yawan ruwan da yake zubarwa sai ya ga yadda jarka ke raguwa a idonsa. Muka koma goge kwano da takarda kafin a ɗauraye shi da rabin kofi, wanka kuwa ya zama jiƙaƙƙen tsumma. Duk shara, har ɓawon lemo, cikin leda take komawa ta shiga mota, domin a busasshiyar ƙasa irin wannan abu ba ya ruɓewa da wuri, sai ya daɗe a yashe yana jiran mai zuwa bayanka.

A rana ta uku muka koma ta Big Pine, muka cika jarkuna, muka kama hanya mai lamba 168 zuwa duwatsun White. A taswira, zangon Grandview ba shi da wani nisa daga inda muka baro, kuma wannan ne ya yaudare ni. Abin da ke raba wurare a wannan yanki ba tazara ba ce, bisa ce. Zangon Eureka bai kai mita 900 daga matakin teku ba, Grandview kuwa yana wajen mita 2,600, kuma a bisa kintace iska tana rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. Ma'ana, cikin tafiyar 'yan awoyi mun bar wani yanayi mun shiga wani dabam, ni kuwa ina sanye da kayan wancan.

Wurin yana da kyau ƙwarai, zanguna ne a warwatse a cikin gajerun itatuwa masu ƙamshin ƙaro, kowanne a ɓoye daga ɗan'uwansa. Rana na faɗawa bayan duwatsun Siyera Nebada sai sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Na sa duk rigunan da na zo da su, ɗaya a kan ɗaya, na shiga buhun barcina, amma zuwa tsakar dare ina karkarwa har haƙorana na kaɗawa. Abin mamakin shi ne ba ta sama sanyin ke shigata ba, ta ƙasa ne. Katifar iskar da nake taƙama da ita saboda laushinta ba ta da komai a ciki sai iska, wadda ke ɗaukar ɗumin jikina tana miƙa wa ƙasa, kuma nauyin jikina ya danne cikon buhun barcin ta yadda ɓangaren da nake kwance a kai ya zama ƙyalle kawai. Yayana, wanda ke kan wata siririyar tabarmar soso da na yi wa dariya a ranar farko, yana ta minsharinsa. Da ya ji motsina ya yi yawa sai ya tashi ya ɗauko bargon nan daga mota. Na miƙa hannu zan lulluɓa, ya ce, "A'a, ƙanena, ninke shi biyu ka shimfiɗa a ƙarƙashinka." Ya kuma dafa ruwa ya zuba a gorar sha, ya naɗe ta da safa ya ce in sa a tsakanin cinyoyina. Cikin rabin awa barci ya ɗauke ni.

Da safe bakin jarka ya daskare, sai da muka bubbuga kafin murfin ya juya. Rishon gas ɗinmu ma ya yi ta lumshe ido, domin irin wannan gas ɗin ba ya tashi sosai idan sanyi ya kai na ƙanƙara, dole na rungume gwangwanin a cikin riga na ɗan lokaci kafin wutar ta miƙe. Ko da ruwan ya tafasa, a wannan bisa yana tafasa ne a wajen digiri 91 maimakon 100, shi ya sa shinkafar da muka saba dafawa cikin minti 20 ta ƙi nuna, shayi kuma yana hucewa kafin a kai rabin kofi. Na tashi da ɗan ciwon kai da saurin haki, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya kai bisan da ya haura mita 2,500 a yini ɗaya, kuma ya lafa da na rage gaggawa na ƙara shan ruwa.

Dalilin zuwa Grandview biyu ne, kuma dukansu sun biya kuɗin sabulu. Na farko sararin sama. Masu nazarin taurari suna son wurin saboda duhunsa da bushewar iskarsa, kuma al'adarsu ce ba a haska farar fitila da dare sai ja, don kada a ɓata wa maƙwabci idon da ya ɗauki kusan rabin awa yana sabawa da duhu. Na rufe bakin tocilata da jan ƙyalle na zauna a kan teburi. Kaza da 'ya'yanta ta fito ta gabas, kuma a karon farko a rayuwata na kasa gane wasu taurarin da na sani, saboda waɗanda ban taɓa gani ba sun cika tsakaninsu.

Na biyu itatuwan da ke sama da zangon, a kurmin Schulman, wajen mita 3,000. Ana kiransu bristlecone, kuma a cikinsu ne masanin nan Edmund Schulman ya gano a shekarar 1957 wata bishiya da aka laƙaba wa suna Methuselah, wadda shekarunta suka haura 4,800. Hukumar gandun dajin Inyo ba ta sa mata alama ba, don kada masu son tsaraba su illata ta, saboda haka mutum zai bi hanyar ƙafa ta kusan kilomita 7 yana duban kowace yana cewa ko ita ce. Ba su da tsawo, a murɗe suke, yawancin jikinsu busasshen katako ne da iska ta goge har yana sheƙi, sai ɗan siririn ɓawo mai rai da ya haɗa saiwa da reshe ɗaya ko biyu masu ganye. Suna tsirowa a kan wata farar ƙasa mai ƙarancin albarka wadda sauran tsirrai ba sa iyawa da ita, suna girma a hankali ƙwarai, shi ya sa katakonsu ya yi tauri ya cika da ƙaro har ƙwari da ruɓa suka rasa ta inda za su shiga. Hatta gungumen da ya faɗi yakan yi dubban shekaru a kwance, kuma da zoben shekarun da ke cikin irinsu ne masana suka gyara lissafin da ake yi na tantance shekarun kayan tarihi. Saboda haka an hana ɗaukar ko da tsinke a wurin, balle yin itacen wuta da shi. Na tuna da wannan a daren, lokacin da sanyi ya sa duk wani busasshen reshe ya fara yi mini kama da makamashi.

Bayan dare biyu muka gangara kudu zuwa Lone Pine, inda tsaunin Whitney mai mita 4,421 ke leƙo garin. A can na sayi tabarmar soso da hular ulu ba tare da na bari mun haɗa ido da yayana ba, muka cika jarkuna, muka tsallaka kwarin Panamint muka nufi Wildrose. A hanya jakuna suka tare mu, jikokin waɗanda masu haƙar ma'adinai suka saki ne, sun zama na daji amma ba su manta da bara ba, ko da yake an hana ba su abinci. Gaba kaɗan akwai matoyan gawayi guda 10 da aka gina da dutse a shekarar 1877, kowacce ta fi mita 7 tsawo, a jere kamar rumbuna. An yi su ne don samar da gawayin narka ma'adinai a wasu mahaƙa da ke yamma, ba a kuma daɗe ana amfani da su ba aka watsar. Har yanzu in mutum ya shiga ciki zai ji warin hayaƙi.

Daga matoyan zuwa zangon Mahogany Flat, a wajen mita 2,500, hanyar gajeriya ce amma tsaye take, cike da duwatsu, ƙaramar mota ba ta da abin yi a can. Muna isa na buɗe bayan mota sai na ga shimfiɗar ta jiƙe sharkaf. Jarka ɗaya ta kife a kan gargadar, murfin da ni na ɗaure shi a Lone Pine ya saki, abin da ya rage a ciki bai fi lita 5 ba. Yayana bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a kan teburi ya yi lissafi da babbar murya: muna da lita 25, za a ware 8 a bar su a mota ba mai taɓawa, domin in taya ta fashe ko inji ya ƙi tashi a hanyar da ba sabis, su ne za mu rayu da su har wani ya biyo. Saura 17. Ko mu yi dare ukun da muka tsara mu haƙura da hawan tsaunin Telescope, ko mu hau mu tafi bayan dare biyu. Ya dube ni ya ce, "Kai ka zubar, kai za ka zaɓa." Na zaɓi dutsen.

Muka tashi da asuba da lita 4 kowannenmu a baya. Hanyar kilomita 22 ce zuwa da dawowa, da hawan kimanin mita 900, tana ratsa wani buɗaɗɗen doro inda ake ganin kwari biyu a lokaci guda, Panamint ta yamma, Death Valley ta gabas, kafin ta fara lanƙwasa tana hawa a tsakanin tsofaffin itatuwan bristlecone, dangin waɗanda muka baro. A ƙoƙuwar tsaunin, sama da mita 3,300, iska tana yanka kunne duk da hular ulu. A ƙasa can, kusan a ƙarƙashin ƙafafunmu, ga farin gishirin Badwater shimfiɗe, mita 86 ƙasa da matakin teku, wuri mafi zurfi a duk nahiyar Amurka ta Arewa, ta arewa maso yamma kuma ga jerin Siyera Nebada inda Whitney yake. Na tsaya ina hura wa yatsuna iska ina kallon wurin da na yi wa dukan shirina, wanda ban taka ba ko sau ɗaya a tafiyar.

Mun dawo zango da magariba ƙafafu na rawa, muka dafa abin da ba ya cin ruwa da yawa, muka kwanta. A daren tabarmar soso ta yi aikinta, ban farka ba sai da wasu baƙaƙen hankaki suka fara rigima a kan teburi. Muka kwance igiyoyi, muka ɗaga tantin sama mu biyu muka karkaɗe, sai ga yashin Eureka yana zubowa daga ɗinkunansa a kan siraran ganyayen itatuwan dutse, kwana huɗu bayan mun baro shi. Bayan shayin safe abin da ya rage a wajen ruwan ajiya bai cika kofi biyu ba. Yayana ya juye shi a gorarsa, ya ɗauki jarkar, ya murɗa murfinta da kansa, sannan ya miƙo mini makullin mota.